Fitowa Ɗaya a Tsakar Gida: Yadda Ake Haɗa Fim Daga Takarda Zuwa Tacewa

Tambayar da matasa masu sha'awar harkar fim suka fi yi ita ce, wace kyamara zan saya? Tambayar ba ta da laifi, sai dai ta zo da wuri, kamar wanda bai haƙa harsashi ba yana cinikin kwanon rufi. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, fim ɗin da ake lissafawa a matsayin mafarin kasuwar fina-finan Hausa na bidiyo, kuma zamanin kaset ɗin VHS ne. Wayar da ke aljihunka yau, ko ta hannu ka saya a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ta fi kyamarar wancan lokaci fitar da hoto nesa ba kusa ba. A Kaduna ma wasu samari da ke kiran kansu The Critics sun ja hankalin duniya a 2019 da gajerun fina-finan ƙagaggen kimiyya, waɗanda suka ɗauka da wayar hannu da koren ƙyalle. Abin da ke kashe aikin sabon shiga ba ƙarancin kayan aiki ba ne, yawanci rashin sanin abin da za a yi da wanda ke hannu ne.

Don kada maganar ta tsaya a iska, bari mu ɗauki fitowa guda tak, abin da 'yan fim ke kira "sin", mu bi ta tun daga takarda har ta isa wayar mai kallo. Ga ta: Umma na zaune a tsakar gida tana tsintar shinkafa a faifai. Autanta ya shigo. Ta aike shi ya karɓo mata kwasar adashi, shi kuwa ya zuba kuɗin a wata harkar intanet sun narke. Yana son faɗa mata, baki ya yi nauyi. Minti biyu ke nan a fim.

Sabon marubuci zai sa yaron ya ce, "Umma, ina cikin matsanancin baƙin ciki da nadama domin na salwantar da kuɗinki." Babu ɗan Bahaushen da ke yi wa mahaifiyarsa magana haka. Abin da zai faru shi ne ya tsugunna ya ce, "Umma sannu da gida," ya kuma daɗe a tsugunne fiye da yadda ya saba. Ta ce, "Yauwa auta, ka samu Hajiyar?" Ya ce, "Na same ta." Shiru. "To ina saƙon?" Sai ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. Hannunta da ke cikin shinkafa ya tsaya cak. Wannan hannun da ya tsaya shi ne fim. Rediyo na ba da labari da baki, fim kuwa da ido yake bayarwa, saboda haka duk abin da za ka iya nunawa, kada ka ɗora wa ɗan wasa ya faɗa.

A tsarin rubutun fim da aka saba, shafi ɗaya na ɗaukar kusan minti ɗaya a allo, don haka fitowarmu shafi biyu ce. Kowace fitowa ana buɗe ta da layin da ke faɗin ciki ne ko waje, a ina, da rana ko da dare. Wannan layin ba ado ba ne, kuɗi ne. Duk inda ka rubuta "dare" ka rubuta janareta da mai da fitilu. Duk sabon wurin da ka ƙara, ka ƙara kuɗin mota da abincin ma'aikata da rabin yini. Mai farawa ya rubuta labarin da zai ƙare a wuri ɗaya ko biyu, da mutum biyu ko uku, cikin minti biyar.

Akwai wata al'ada da muka gada daga wasan daɓe da na talabijin, ta a faɗa wa ɗan wasa gundarin magana a bar shi ya zuba da bakinsa. A hannun ƙwararru tana fitar da zance mai daɗi, wanda alƙalami ba zai iya ba. Amma ga mai kyamara ɗaya tarko ce. Za ka ɗauki fitowar nan sau uku ko huɗu daga kusurwa daban-daban, kuma in Umma ta ce "ina saƙon?" a ɗauka ta farko, ta ce "ba ni kuɗin mana" a ta biyu, ranar tacewa, wato ranar yankawa da jera hotunan da aka ɗauka, za ka rasa inda za ka haɗa su. A yi gwaji tukuna, a bar 'yan wasa su gyara zancen ya zauna a bakinsu, sannan a tsayar da shi kafin a kunna kyamara.

Daga nan sai jerin hotunan da za a ɗauka, kuma a gida ake rubuta shi, ba a lokeshan ba, wato wurin ɗaukar fim, lokacin da rana ke gudu mai gida na tambayar yaushe za ku gama. Fitowarmu na buƙatar hoto mai faɗi daga nesa, wanda zai nuna tsakar gidan da inda kowa yake. Sai na tsaka-tsaki, daga ƙugu zuwa kai, ga kowannensu. Sai na kusa, fuska kaɗai, wanda ake ɓoyewa har lokacin da magana ta kai maƙura. In ka cika fitowa da hoton kusa tun daga sallama, babu abin da ya rage maka lokacin da Umma ta gane gaskiya. Sannan ka ɗauki ƙananan hotuna: hannu a cikin shinkafa, yatsun yaron a bakin tabarma, kaza na kiwo a gefe. Su ne ke rufa maka asiri a wurin tacewa, duk inda aka yi tuntuɓen harshe sai ka liƙa ɗaya a kai.

Akwai ƙa'ida ɗaya da kusan kowane sabon shiga ke karyawa bai sani ba. Ka ƙaddara an ja igiya daga Umma zuwa ɗanta. Da zarar ka girke kyamara a ɓangare ɗaya na igiyar, duk sauran hotunan fitowar a wannan ɓangaren za ka ɗauke su. Ita ake kira ƙa'idar digiri 180. Dalilinta shi ne, in Umma na kallon dama a allo, yaron ya zama yana kallon hagu, sai idon mai kallo ya yarda suna fuskantar juna. In ka tsallake igiyar, su biyun za su koma kallon gefe guda, kamar suna magana da wani na uku da ba a gani. Mai kallo ba zai san sunan kuskuren ba, zai dai ji wani abu bai zauna ba. Haka ne ma dalilin da ya sa a wasan ƙwallo manyan kyamarori ke tsayawa a gefe ɗaya na fili.

Sauran maganar tsara hoto ba ta da tsawo. Kyamara ta yi daidai da idon wanda ake ɗauka, wato in Umma na zaune a kujera 'yar tsugunno, kai ma ka sauko. Kada ka dasa fuska a tsakiyar allo da fili fetal a saman kai. Ka raba allon gida uku, ka ajiye ta a kan ɗaya daga layukan, ka bar sarari a gefen da take kallo. Kada ka jawo hoto da yatsa a waya, yana farfasa shi, ka taka da ƙafarka ka matso. Ka girke wayar a kan sanda mai ƙafa uku, in babu, ko a kan turmi da tsumma. Ka goge gilashin kyamara kafin kowace ɗauka, musamman da hunturu. Ka kashe layin waya, don kira ɗaya na iya yanke maka ɗaukar da ta fi kowacce kyau. In YouTube ko talabijin za a kai, a kwance ake riƙe waya, 16:9. In TikTok ne, a tsaye, 9:16. Wannan shawara ce da ake yankewa kafin a fara, ba bayan an gama ba.

Akwai saiti guda da ya shafe mu kai tsaye, wanda masu koyarwa daga Amurka ba sa damuwa da shi. Bidiyo hotuna ne a jere da ke wucewa da sauri. Silima na amfani da hoto 24 a sakan ɗaya, talabijin ɗin Najeriya da Nijar 25, na Amurka kusan 30. Bambancin daga wutar lantarki ya samo asali: tamu na bugawa sau 50 a sakan, tasu sau 60. Yawancin wayoyi kuwa a kan 30 suke zuwa. Shi ya sa za ka ɗauki hoto a ɗaki ƙarƙashin dogon ƙwai ko ƙaramar fitilar LED mai araha, ka ga haske na rawa ko wasu layuka na sauka a allo. Maganin shi ne ka mayar da wayar kan 25, shota kuma, wato tsawon lokacin da idon kyamara ke buɗewa ga kowane hoto, ka sa shi 1/50. In wayarka ba ta ba da wannan damar, manhajoji irin su Blackmagic Camera da Open Camera kyauta ne. Batun 4K kuwa, wato saitin hoto mai ɗigo da yawa sosai, kada ya ɗauke maka hankali. Ɗigon hotonsa ninki huɗu ne na 1080, saitin da aka saba, yana cinye memori, yana sa waya zafi, yana wahalar da kwamfuta, alhali mafi yawan masu kallonka a ƙaramar waya za su gani suna lallaɓa data.

Haske a ƙasarmu ba ƙarancinsa ne matsala ba, yawansa ne. Rana tsaka tana dukan mutum daga sama, ta mayar da idanu ramuka biyu baƙaƙe, ta sa goshi ƙyalli. Lokacin da ya fi dacewa da fitowarmu shi ne hantsi ko la'asar sakaliya, sa'ad da rana ta kwanta haskenta ya yi laushi. In dole sai da rana tsaka, a koma inuwa, ƙarƙashin rumfa ko bishiyar darbejiya, amma a lura da bayan mutum: in fuska na inuwa, bango na cikin rana, ko dai bangon ya ƙone fari fat ko fuskar ta dushe. Irin wannan rigimar ce ke tsakanin baƙar fata da farar shadda. Kyamara ba ta da faɗin gani irin na ido, in ta daidaita kanta da farin kaya sai fuska ta nutse. Ka danna kan fuskar ka kulle hasken a nan, kuma tun farko ka roƙi 'yan wasa su bar farare tas da masu ƙananan zane-zane a gida, su zo da launi mai duhu-duhu.

A littafi za ka ga ana maganar fitila uku: babba daga gefen gaba, ƙarama mai rage inuwa daga ɗaya gefen, da ta baya mai raba mutum da bango. A tsakar gida rana ce babbar fitilarka. Ta biyun kuwa farin kwali ne ko farin zani da wani zai riƙe ya maido haske kan fuskar Umma. A cikin ɗaki, taga ce babbar fitila: ka zaunar da mutum taga na gefensa, ba a bayansa ba. Ka kuma guji gauraya launin haske. Na rana yana wajen 5600 a ma'aunin Kelvin, ya ɗan karkata ga shuɗi, jan ƙwai kuwa wajen 3200. In suka haɗu a fuska ɗaya, rabi zai yi shuɗi rabi ya yi ruwan lemo. Kashe ƙwan kawai.

Yanzu sai inda na fi so mai karatu ya tsaya, wato sauti. A ganina, in kuɗinka na abu ɗaya ne, makirfo za ka saya ba kyamara ba. Mutum zai haƙura da hoto mai ɗan hazo har ƙarshe, amma in ya yi minti ɗaya yana "me ta ce?" zai wuce. Matsalar makirfon waya ba rashin inganci kaɗai ba ce, nisa ce. A fili, duk lokacin da ka ninka tazara tsakanin baki da makirfo, ƙarfin muryar na raguwa da kusan desibel 6 a ma'aunin ƙarfin sauti, hayaniyar unguwa kuwa tana nan yadda take. Wayar da ke taku biyar daga Umma tana jin injin markaɗen maƙwabta daidai da yadda take jin Umma. Saboda haka makirfo ya matso, kamar taƙi ɗaya daga baki. Ƙaramin nan da ake maƙalawa a riga ya wadatar, sai dai a kula da hijabi da mayafi, gogarsu a kan makirfo na fitowa kamar ana yaga takarda. In ba ka da shi, ka ɓoye waya ta biyu kusa da mai magana, a bayan faifai ko ƙarƙashin kujera, ta ɗauki murya ita kaɗai. Kafin a fara wani ya tsaya gaban kyamara ya yi tafi ɗaya mai ƙarfi. Wannan tafin ne za ka daidaita a kwamfuta sauti ya hau kan hoto, kuma aikin da allon nan mai baki da ake bugawa a manyan fina-finai ke yi ke nan.

Kafin ka amince da lokeshan, ka je a daidai lokacin da za ku yi aiki, ka tsaya ka rufe ido minti biyu. Za ka ji abin da ido ya hana ka ji: janaretan mai shago, a-daidaita-sahu, makarantar allo, mai tallan ruwa, zakaran da bai san lokaci ba. Ka tsara aikinka da lokutan salla, a tsaya in an kira, a ci gaba bayan an idar. A kashe fanka da firji ko da zafi zai dame ku (a tuna a kunna wa masu gida firjinsu kafin a tafi). In ku ne da janareta, a kai shi nesa da doguwar waya, a bayan katanga. Wani ya sa abin ji a kunne tun daga farko har ƙarshe, aikinsa ke nan, kuma yana da ikon cewa a sake. Ma'aunin ƙarfin murya da ke kan na'urar ɗauka ya riƙa kaiwa wajen -12, kada ya taɓa sifili, domin muryar da ta fashe ba ta gyaruwa. Bayan an gama, kowa ya yi tsit a ɗauki minti ɗaya na shirun wurin. Shirun tsakar gida ba shiru ba ne, yana da nasa amo, kuma da shi za ka cike giɓin da ke tsakanin maganganu. A fitowarmu shirun da ya biyo bayan "Na same ta" shi ne ƙashin bayan komai. In aka bar shi fanko, sai a ji kamar waya ce ta ɗauke.

Mutum ɗaya kuma ya riƙe kwantiniti, wato lura da cewa komai ya zauna iri ɗaya daga ɗauka zuwa ɗauka. Ɗankwalin Umma ya karkata hagu ne ko dama? Faifan na kan cinya ko a ƙasa? Hular yaron na kansa ko a hannu? Ya ɗauki hoton komai da waya kafin a tashi. Mun sha ganin jarumi ya fita daga falo da shuɗiyar riga ya isa ƙofar gida da ruwan toka.

Ranar tacewa, kafin ka taɓa komai, ka kwafe abin da aka ɗauka a wuri biyu daban. Memori na mutuwa ba sallama. CapCut ko KineMaster sun isa a waya. A kwamfuta akwai DaVinci Resolve, wanda ke da nau'in kyauta mai ƙarfi, da Adobe Premiere Pro na kuɗi. Manhajar ba ita ce gwaninta ba. Kimanin shekara ɗari da suka wuce wani ɗan Rasha mai suna Lev Kuleshov ya nuna cewa in ka ɗauki fuska ɗaya da ba ta nuna komai, ka biyo ta da hoton kwanon miya, masu kallo za su ga yunwa a fuskar, in ka biyo ta da akwatin gawa su ga baƙin ciki. Ma'ana ba a cikin hoto ɗaya take ba, a haɗuwar biyu take. Don haka lokacin da yaron ya ce "Na same ta", ba dole ka tsaya a kansa ba. Ka yanka zuwa fuskar Umma, sannan hannunta. Sau da yawa mai sauraro ya fi mai magana abin kallo.

Ka shiga fitowa a makare, ka fita da wuri. Rashin yin haka ne cutar da ta addabi fina-finanmu masu dogon zango: mota ta taho, ta yi hon, maigadi ya fito da gudu, ya buɗe ƙofa, ta shiga, a faka, a fito, a rufe, a taka har falo, a yi gaisuwa har da tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Minti uku sun tafi ba a ce komai ba. Gaisuwa al'adarmu ce, kuma a fitowarmu tana aiki domin tsawonta ne ke tona yaron. Inda ba ta ɗauke da komai, almakashi. Haka kiɗan tausayi da ake zubawa tun kafin abin tausayin ya faru, da juye-juyen hoto masu walƙiya da manhaja ke bayarwa kyauta. Yanka kai tsaye ya fi su duka. Kiɗan wani kuma kada ka ɗauka ba izini, YouTube na da tsarin Content ID da ke gano shi, sai kuɗin tallan ya tafi ga mai kiɗan ko a toshe bidiyon.

Akwai abubuwan da ba na fasaha ba amma suna iya tsayar da aiki. Izinin mai gida, da sanar da mai unguwa in za a fito titi. Yardar iyaye in akwai yara. A Kano akwai Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i, wadda aka kafa a 2001, kuma ta sha jaddada cewa har masu dogon zangon da ake ɗorawa a intanet sai sun bi ta hannunta. A matakin tarayya ma akwai hukumar tace fina-finai ta ƙasa. Wanda ke son ya mayar da abin sana'a ya nemi ƙa'idojin jiharsa tun kafin ya kashe kuɗi. Game da samun kuɗi kuwa, tun da kasuwar faifan CD ta Ƙofar Wambai ta durƙushe, YouTube da tashoshi irin su Arewa24 ne suka zama mafita, kuma YouTube ba ya fara raba kuɗin talla a kan dogayen bidiyo sai tasha ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Mai son karatun abin a aji, akwai Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa a Jos. Da yawa kuma a lokeshan suka koya, daga riƙe farin kwali.

Idan ka gama tace minti biyun nan, ka fitar da shi a 1080, ka tura wa wata ƙaramar waya mai ƙaramin lasifika, irin wadda mafi yawan mutane za su kalla da ita. Ka miƙa wa wani a gida wanda bai san labarin ba, ƙanwarka ko ita Umman ta gaskiya, kada ka yi bayanin komai, kada kuma ka kalli allon, fuskarta za ka kalla. Inda ta ce "me ya ce?", sauti ne, ka koma kansa. Inda ta ɗaga kai ta dubi ƙofa, wurin ya yi tsawo, ka rage. In ta kai wurin da hannu ya tsaya a cikin shinkafa ta ce "Kai, wannan yaro!", ka bar wurin yadda yake, ka ɗauko takarda ka fara rubuta fitowa ta biyu.